Daga Dakoro zuwa Jos, Wurin Autata

Tun da muka dawo daga Jos ban huta ba. In na shiga kasuwa, "Malam Ishaya, yaya Najeriya?" In an tashi sujada ran Lahadi, kafin in kai bakin ƙofa an kewaye ni. Har Fulanin da na yi shekara talatin ina yi wa shanunsu allura, in sun shigo gari daga Korahane sai sun biyo ta gida sun ji ko da gaske ne can dutse kan hau kan dutse ya zauna bai faɗo ba. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk ran da na ba da labarin sai na ƙara wa kaina jarumtaka kaɗan, Saratu matata kuwa tana gefe tana tari. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, tun tarin bai zame mata ciwo ba.

Ga wanda bai sani ba, Rahila ita ce autarmu. Ta je Maradi lekol, wato makarantar koyon jinya, can ta haɗu da Bitrus, wani yaro mutumin Filato da ya zo aikin haƙa rijiyoyin burtsatse. Kirista ne kamar mu, ba ya sha, ba ya zage-zage. Laifinsa biyu: garinsu da nisa, kuma ba a fara tambayata ba kafin a fara so. Sau biyu ya zo gaishe ni, sau biyun na zauna ina kallon bango. Da dattawan ikilisiya suka zo ba ni baki, na ce a gabansu, in ta tafi, ƙafata ba za ta taka gidanta ba. Ta tafi. Uwarta ta je biki, ni na zauna da awakina. Shekara shida ke nan.

Abin da ya tayar da ni, fasto ne ya ba ni koyarwar ran Laraba ta wata guda, a kan gafara. Makon farko na yi ƙoƙari, har wata tsohuwa ta yi hawaye. Mako na biyu muna addu'ar da mukan yi tare, da muka zo wurin da ake roƙon gafara kamar yadda mu ma muke yafewa, sai bakina ya ƙi motsi. Kowa ya wuce ya bar ni. Daga ranar, duk safiyar da na durƙusa, magana ɗaya ce take danne mani ƙirji: tashi ka tafi. Ba murya na ji ba, kada a ƙara mani. Amma na san Mai maganar.

Na kawo wa Allah dalilai. Na ce hanya ba lafiya. Na ce gwiwata. Na ce akuya ta kusa haihuwa. Na kai ƙarar har wurin maƙwabcina Agali, Buzu ne Musulmi, da shi muke shan shayi tun muna da baƙin gashi. Ya saurare ni har ya gama tsiyaya kofi na biyu, sannan ya ce, "Likita, ni ban san karatunku ba, amma na san raƙumi. Wanda bai tashi da lallashi ba, da wata hanya za a tashe shi. Akuya kuwa ka bar mani ita, ba wagga ce haihuwarta ta fari ba."

To, na yarda zan tafi. Amma yarda iri-iri ce. Ranar da za mu tashi, da sassafe, na ɗauki katina na ɗan ƙasa na saka shi a gwangwanin shayi na rufe. Lissafina shi ne: in mun kai iyaka za a mai da ni, in dawo in ce wa Allah da fasto da Saratu, kun gani, na yi biyayya, hukuma ce ta hana. Dattijon ikilisiya ne ya yi wannan, mai koyarwar Laraba.

A tasha ma ban daddara ba. Na ce a raina, in motar Maradi ta cika, alama ce. Muka tarar da wuri biyu daidai, kusa da taga. Na ce in ta lalace kafin Kornaka, alama ce. Motar nan da kowa a Dakoro ya san halinta, ranar ko tari ba ta yi ba. Saratu ta sayi gyaɗa a Kornaka tana ɓarewa tana kallon gonaki kamar amarya, ni ina kallon allurar mai ko Allah zai sa ta faɗi.

A Maradi muka canza mota zuwa Katsina. Nan muka haɗu da Hajiya Rabi, wata ƴar kasuwa mai jiki, mai kai cuku da kilishi Najeriya ta dawo da atamfa. Ta cika rabin kujera, kwandon cukunta ya cika ragowar rabin, mu muka samu abin da ya saura. Da ta ji inda za mu, ta ce, "Jos? Wurin ɗiya? Kai, madalla. Kowace shekara kuke zuwa?" Saratu ta ce, "Wagga ce ta fari ga Malam. Aiki ya yi mashi yawa." Ni da na ajiye aiki shekara takwas.

Muka wuce Dan Issa muka iso iyaka. Aka ce kowa ya sauko da takardarsa. Wani jami'i siriri yana zaune a inuwa yana karɓa yana dubawa. Da layi ya zo kaina na fara wasana. Na lalubi aljihun gaba. Na lalubi na gefe. Na cire hula na leƙa ciki. Na ce, "Subahana! Kati ya ɓace."

Jami'in bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Tsoho, in babu kati sai ka koma. Ga motar Maradi can tana lodi."

Na juya wurin Saratu da fuskar wanda aka yi wa rasuwa, na buɗe baki zan ce nufin Allah ke nan. Sai na ga tana kwance bakin zanenta. Ta zaro katin ta miƙa wa jami'in, ba ni ba. Ta ce, "Ga shi, ɗana. Cikin gwangwanin shayi na tsince shi. Halama ɓera ne ya kai shi, ya kuma rufe da marfi."

Jami'in ya shinshina katin, ya dube ni, ya dube ta, ya buga hatimi. Ya ce, "Sauka lafiya, Baba. A gaida ɓera."

Na sha jin kunya a duniya. Saniya ta taɓa harbina na faɗa cikin kashi a gaban matan ruga. Amma wannan ta fi, don ba mutum na yi wa ƙarya ba. Da muka koma mota Saratu ta bari har muka wuce shingen Najeriya, sannan ta ce a hankali, yadda Hajiya ba za ta ji ba, "Malam, ni kake yi ma wayo ko Shi?" Na sunkuyar da kai na roƙi gafara, kuma wannan karon bakina ya motsa, tun da ni ne mai nema.

Hanyar Jibiya zuwa Katsina ita ce na fi tsoro, saboda labaran da muke ji a rediyo. Shinge bayan shinge, sojoji da bindiga, direba yana gudu ba ya magana. Hajiya Rabi kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi barci. Da ta farka na ce, "Hajiya, ke ba ki jin tsoro?" Ta ce, "Malam, kaya sun yi mani yawa, in na ɗauko tsoro ina zan aje shi? Na yi addu'ata tun gida. Wanda na ba ajiya ba ya barci, mi zai hana ni in yi?" Na ji maganar ta shige ni, har na fara tsara yadda zan sa ta cikin koyarwar Laraba ba tare da na ce daga wa na ji ba.

Ina cikin wannan tsarin sai muka ji ƙara, tau! Motar ta yi tangal-tangal. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Abin da na sani, na samu kaina a ƙasa, kaina cikin kwando, ina kiran sunan Ubangiji da ƙarfin da ban taɓa kiransa a majami'a ba. Motar ta tsaya. Sai na ji muryar Hajiya daga sama: "Malam, taya ce ta fashe. In ka ƙare addu'a ka fito, cukuna kake danne."

Cuku uku na karya. Ta ƙi yarda in ce komai a kai, ta rarraba wa ƴan mota gutsattsarin muka ci a bakin hanya ana canza taya. Da za mu rabu a Katsina ta ƙulla wasu masu kyau a leda ta ba Saratu, ta ce a kai wa ɗiya, ta tuna gida.

Katsina ba baƙon wuri ba ne, maganarsu tamu ce, sai dai inda mu muke sa Faransanci su Turanci suke sawa. Na tambayi wani ina jandarmomi suke tsayawa, ya ce bai san wannan ƙabilar ba. Kano kuwa wata duniya ce. Mun shiga da la'asar. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka suna sauri ba, kuma duk wanda na yi wa sallama sai ya duba hannuna ya ga abin da nake sayarwa. Muka sauka a masaukin baƙi na wata majami'a a Sabon Gari, ɗaki mai tsabta, da fanka wadda take aiki in ta ga dama.

Da safe na fita neman shayi. A nan ne na san mun bar gida. Mai shayin ya ɗauko kofi wanda a Dakoro da shi ake ba ɗan maraƙi ruwa, ya cika shi da madara da sukari, ya ɗaga sama ya tsiyaya, ya haɗo mani da burodi mai laushi da zaƙi kamar katifa. Na sha da ƙyar. Na zauna ina jiran na biyu, tun da mu a gida shayi ƴan ƙananan kofi uku ne a jere. Ya dube ni, na dube shi. Can ya ce, "Baba, akwai wani abu ne?" Na ce ina jiran na biyu da na uku. Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga mutumin da zai sha uku.

Da na koma ɗaki Saratu tana wanka, sai na tsaya gaban madubi ina gwada jawabin da na shirya tun Dakoro. Jawabi ne mai kyau. Zan zauna, su durƙusa, in yi shiru kaɗan don abin ya yi nauyi, sannan in ce, "Abin da ya wuce ya wuce. Na yafe maku." Ina gwada ɗaga hannu ke nan ta shigo.

Ta ce, "Wa kake yafe mawa?"

Na ce, "Su mana."

Ta zauna bakin gado tana shafa mai a ƙafa. Ta ce, "To. Mi sunka yi maka?"

Na ce sun yi abin da suka ga dama. Ta ce, "Sun zo sau biyu, sun aiko dattawa, sun jira shekara guda. An ɗaura aure a majami'a, gaban Allah da mutane. Ni dai ina tambaya ne, don in sun tambaye ni in san abin da zan ce." Ta ci gaba da shafa manta. Na ce mota za ta tashi, ta yi sauri.

Daga Kano zuwa Jos yini guda muka yi. Ƙasa ta yi ta hawa, kunnuwana suka toshe, itatuwa suka yi duhu, sai ga duwatsun nan da ake tambayata. I, gaskiya ne, suna hawa kan juna. Kuma sanyi! Ba irin namu na hunturu mai fasa leɓe ba, wani sanyi ne mai laima da yake bi ta ƙarƙashin riga. Kafin mu isa na sa riga biyu da rawanin da Agali ya ara mani, ido kawai ake gani.

A tashar Jos an riga an gargaɗe ni da ƴan fizge. Muna sauka kuwa sai ga wani ƙato ya nufo mu yana washe baki, ya kai hannu kan jakata. Na buge hannun. Na ce, "Saki! Ba mu son dako. Muna da mai tarbarmu." Ya sake kai hannu yana cewa, "Baba, sannu da zuwa." Na ce, "Kowa Baba yake cewa kafin ya gudu da kaya." Na rungume jakar a ƙirji. Mutane suka fara tsayawa.

Sai Saratu ta ce, "Malam. Bitrus ne."

Mutumin ya durƙusa har ƙasa a cikin laka, ya cire hula. Na tsaya ina kallonsa ta tsakanin rawani. Yana da wushirya. Yana da wani tabo a gira. Shekara shida yana auren ɗiyata, sau biyu ya zauna a zaurena, ban san yana da wushirya ba, don ban taɓa duban fuskarsa ba. Na miƙa mashi jakar. Bai ce komai a kan bugun ba, har yau.

Gidansu yana bayan gari, da ɗan lambu na dankali da kabeji. Uwar Bitrus, Mama Talatu, ita ta fara fitowa, ƴar tsohuwa gajera mai ƙarfin murya. Ta rungume Saratu suna ihu. Jikokina mata biyu suka leƙo suka ga rawani suka koma da gudu. Sannan Rahila ta fito.

Ta yi ƙiba kaɗan, ta yi kama da uwata. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, sannu da hanya. An zo lafiya? Ya mutanen gida?" Gaisuwa cikakkiya, babu abin da ta rage, irin wadda ake yi wa baƙon maƙwabci. Ta kawo ruwan zafi, ta kawo abinci, ta koma madafa. Na zauna da jawabina a baki, ba wanda ya durƙusa yana jira.

Abincin kuwa, gwate suke ce mashi: tsakin acca da ganye da yakuwa, ruwa-ruwa, ba ka san ko sha za ka yi ko ci ba. Na nemi tuwon da za a ci da shi, aka ce ai shi ke nan. Dankalin turawa safe da rana da yamma, a soye, a dafe, a daka. Kwana uku ban ga hura ba. Hausarsu ma sai ka yi haƙuri: mace "ya zo", namiji "ya zo", sai ka leƙa ka ga wanda ya shigo. Su kuma in na ce "tahiya" ko "mi kake so" sai su ce in sake faɗi, su kira wani ya ji.

Ran Lahadi muka je sujada. A Dakoro mu ƴan kaɗan ne, in mun yi waƙa muna jin muryar kowa, har mun san wanda yake ɓata ta. Can kuwa mutane kamar kasuwar Kornaka, da ganguna da lasifika, matan zumunta da ɗinki iri ɗaya, kuma baiko, wato sadakar majami'a, da rawa ake kai shi. Na yi niyyar in taka a natse, layi ya kwashe ni. Da aka zo gaida baƙi fastonsu ya sa na miƙe. Wani a baya ya ce, "Ashe akwai Kirista a Nijar?" Faston ya ce, "Ga baban Rahila, ya ƙetare iyaka da dazuzzuka saboda ƙaunar ɗiyarsa!" Aka yi ta tafi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai na waiga wajen mata. Rahila ba ta tafa ba. Tana kallon hannunta.

Washegari da hantsi Mama Talatu ta ce in zo in duba mata akuya, an ce ni likita ne. Akuyar lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya. Da na gaya mata haka ta ce ta sani. Ta zauna kan dutse ta nuna mani wani.

Ta ce, "Baban Rahila, ni ba na iya kwana-kwana. Yarinyan nan, ranan aure, da aka ce wa ya ba da shi, ya juya yana duba ƙofa. Ƙanin mijina ne ya tashi a madadinka. Wannan ya wuce. Amma haihuwa na fari, jini ya ƙi tsayawa, mun ɗauka zai tafi. Ya ce a kira Baba. Bitrus ya kira, ya kira. Aka ce ka ce ba ka nan."

Na tuna ranar. Ina zaune a zaure, Saratu ta fito da waya a hannu tana kuka, na ɗaga mata hannu na ce ba ni nan. Na ɗauka roƙo za su yi. Daga baya da na ji abin da ya faru, na ce ai ta tashi, na rufe maganar, ban sake buɗe ta ba ko a cikin addu'a.

Mama Talatu ta ce, "Ni ban ce ka yi komai ba. Akuya na kira ka ka duba."

Na daɗe a bayan gidan nan. A nan na gane abin da nake gudu tun Dakoro. Ba hanya ba ce, ba ƴan bindiga ba. Na san tun farko abin da za a ce in yi in na iso, kuma ba ni da tabbacin abin da za a mayar mani. Na ce, "Ubangiji, in na faɗa ta ƙi fa? Ni ne uba. A gidan suruki nake." Ina so a ba ni alkawari tukuna, sannan in taka. Ba a ba ni ba. Maganar dai ita ce ta ran farko, tashi ka tafi, sai dai yanzu tafiyar taku ashirin ce, kuma ta fi ta Dakoro zuwa Jos nisa.

Rabona da shiga madafa tun ina yaro. Na sunkuya na shiga. Rahila tana kan kujera ƴar tsugunno tana feraye dankali. Ta ɗago ta ce, "Baba, wani abu kake so? A kawo maka." Na ce a'a. Na nemi wurin zama ban samu ba, sai na tsuguna, gwiwar nan ta yi ƙara kamar an karya kara.

Na ce, "Rahila, na zo da magana tun daga gida, amma ba ita ce zan faɗi ba. Ba ku yi mani laifi ba. Ni na yi maki. Ran aurenki ban zo ba. Ran da kika kira ni, ina nan. Ina zaune a zaure. Na ce ba ni nan. Ki gafarta mani."

Wuƙar ta tsaya. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na san kana nan, Baba. Na ji muryarka. Inna ba ta kashe wayar ba."

Ban san wannan ba. Na ji kamar ƙasa ta buɗe.

Ta goge ido da bayan hannu. Ta ce, "Shekara biyar ina roƙon Allah ya kawo wagga rana. Na ɗauka in ta zo da gudu zan tashi. Ga ta ta zo, kuma zuciyata ta yi nauyi. Ban ce a'a ba, Baba. Amma kada ka sa in faɗi abin da bai kai ba tukuna."

A da, da na tashi na kaɗe riga. Na ji tashin ya zo mani har gwiwa. Amma na ce, "To. Ba ni da gaggawa." Kuma abin mamaki, da na faɗa sai na ji gaskiya ne. An ce in zo, na zo. An ce in faɗa, na faɗa. Abin da ya saura ba a hannuna yake ba, kuma karon farko a rayuwata hakan bai tsorata ni ba.

Tashi ya gagare ni saboda gwiwa, zama kuma ba aiki ya yi nauyi, sai na ɗauki wata wuƙa na jawo dankali ɗaya. Na feraye shi yadda na iya. Ta saci kallo sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta kasa haƙuri. Ta ce, "Baba, rabin dankalin kake zubarwa." Ta karɓe shi ta nuna mani yadda ake bi da wuƙar. Saratu ta leƙo ta gan mu, ta koma da baya ba ta ce uffan ba, wanda a tarihin aurenmu bai taɓa faruwa ba.

Mun ƙara kwana huɗu. Na nemi gafarar Bitrus shi ma, ya rikice ya rasa inda zai sa kansa, ya ce shi bai san an yi wani abu ba. Jikokin suka saba da rawani har suna ja. Rahila ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Amma ta gasa cukun Hajiya Rabi ta kawo mani da kanta, ta zauna har na cinye.

Ran komawa suka raka mu tasha. An gama lodi, direba yana ta hon, na shiga na zauna. Sai ta zo jikin taga. Na ɗauka kalmar gafarar ce za ta faɗa, na gyara zama. Ta ce, "Baba, yaran nan ba su taɓa ganin Dakoro ba. In an yi hutun Kirsimeti za mu zo, mu duka. Ɗakina yana nan?"

Na ce, "Yana nan yadda kika bar shi."

Motar ta tashi. Mun kusa fita gari Saratu ta ce, "Malam, ɗakin da ka cika da dusa da harawar awaki?"

Na ce kafin Kirsimeti zai zama gaskiya.

Jiya na fitar da buhu na ƙarshe. Rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, gara ta ci ƙofar, kuma warin bunsuru ya kama bango, an ce sai an yi farar ƙasa sau biyu. Har yanzu ba ta faɗi kalmar ba, ban kuma san ko a wannan zuwan za ta faɗa ba. Gobe da safe magini zai zo.